Yaro Mai Baiwa A Makarantun Amurka: Me Doka Ta Tanadar Masa, Wa Ke Zaɓo Shi?

Ɗauki wata yarinya 'yar aji biyu a wata makarantar gwamnati a Amurka. Malama ta raba takardar lissafi, ta ce a gama cikin minti ashirin. Sauran yara ba su wuce tambaya ta uku ba ita ta kammala, ta ajiye fensir, ta koma tsokanar na kusa da ita. Ƙarshen zango ya zo, malama ta rubuta wa iyaye cewa 'yarsu ba ta da natsuwa. Mai yiwuwa haka ne. Mai yiwuwa kuma aikin ne ya yi mata kaɗan, zaman banza ya ishe ta. To shin doka ta ɗora wa makarantar nauyin bincikawa? In kuma aka gano baiwa ce, tilas ne a yi mata wani abu? Amsar ta danganta da jihar da iyayenta suke zaune, kuma nan ne mutane da yawa suke shan mamaki.

Gwamnatin tarayya ta daɗe da sanin da zaman irin waɗannan yara. A 1972 aka fitar da rahoton da kwamishinan ilimi na lokacin, Sidney Marland, ya miƙa wa majalisar dokoki. Rahoton ya ce baiwa ba ta tsaya ga kaifin ƙwaƙwalwa kaɗai ba, ya haɗa da gwaninta a wani darasi guda, da ƙirƙira, da iya shugabanci, da fasahar zane ko kiɗa ko wasan kwaikwayo, har da ƙwarewar sarrafa jiki. Ya kuma kiyasta cewa aƙalla kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na ɗalibai sun shiga wannan sahu. Ma'anar da ke cikin dokar tarayya yau jikar waccan ce, kuma jelarta ita ce abin lura: mai baiwa shi ne wanda ya nuna alamar iya yin fice, kuma yake buƙatar wata hidima da makaranta ba ta saba bayarwa ba. Wato ba lambar yabo ake rabawa ba. Buƙata ake aunawa.

Sai dai bayyana ma'ana daban, tilastawa daban. Tun 1975 Amurka ke da dokar da ta bai wa yara masu naƙasa haƙƙin samun ilimi kyauta daidai da halinsu, wadda yanzu ake kira IDEA, kuma uba na iya kai makaranta ƙara idan ta gaza. Yaro mai baiwa ba shi da irin wannan garkuwa daga tarayya. Abin da yake da shi shi ne dokar 1988 mai ɗauke da sunan Jacob Javits, tsohon sanatan jihar New York. Sunanta ya fi aljihunta girma. Kuɗinta na tafiya ne ga bincike da gwada sababbin dabaru, musamman na zaƙulo masu baiwa cikin 'ya'yan talakawa, da masu koyon Turanci, da masu naƙasa. Ba ta biyan albashin malamin da zai koyar da waccan yarinyar. Daga 2011 zuwa 2013 ma ko sisi majalisa ba ta ware mata ba. Babbar dokar ilimi ta 2015, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu, ta ɗan ƙara buɗe ƙofa, domin ta yarda a yi amfani da kuɗin tallafin makarantun marasa galihu wajen gano masu baiwa da yi musu hidima. Amma "an yarda" ta ce, ba ta ce "dole" ba.

Saboda haka wuƙa da nama na hannun jihohi. Wasu sun wajabta a gano yaran kuma a yi musu hidima. Wasu sun ce a gano su kawai, abin da zai biyo baya kuma ya rage wa hukumar ilimi ta gunduma. Wasu ba su wajabta komai ba. Akwai kuma waɗanda suka wajabta amma ba su haɗa da kuɗi ba, wanda kusan daidai yake da a aike ka kasuwa hannu rabbana.

Pennsylvania na cikin jihohin da suka ɗaure maganar tamau, don haka ta dace da misali. A can uba ko uwa na iya rubuta takarda su nemi a auna ɗansu, sau ɗaya a shekarar karatu. Da zarar sun sa hannu a takardar amincewa, makaranta na da kwana 60 ta kawo rahoto, ban da kwanakin dogon hutun bazara. Ba mutum ɗaya ke yanke hukunci ba: kwamiti ne da ya haɗa masanin halayyar ɗalibai na makaranta, da malaman yaron, da iyayen kansu. Idan aka tabbatar, sai a rubuta wa yaron tsarin karatu nasa na kansa, a riƙa sake duba shi duk shekara. Iyayen da ba su gamsu ba suna da damar neman sulhu ko a saurari ƙorafinsu a gaban jami'i mai zaman kansa.

Lambar da kowa ke riƙewa a baki ita ce 130. Gwajin kaifin ƙwaƙwalwa, wanda aka fi sani da IQ, an tsara shi ne yadda matsakaicin mutum zai samu 100, kuma kusan mutum biyu ne cikin ɗari ke kaiwa 130 ko fiye. Amma ƙa'idar Pennsylvania ta faɗa ƙarara cewa ba za a dogara da wannan lamba ita kaɗai ba. Yaron da ya gaza kai ta na iya shiga idan wasu shaidu sun yi ƙarfi, kamar ya zarce ajinsa da shekara guda ko fiye a wani darasi, ko saurin ɗaukar karatunsa da riƙe shi ya fita daban. An kuma umarci kwamitin ya duba ko akwai abin da ke rufe baiwar, kamar rashin jin Turanci sosai ko wata naƙasa. Wannan kuwa hankali ne. Kowane gwaji na da ɗan kuskuren awo, kuma yaron da ya ci 128 ranar da yake fama da mura ba wani jinsi ne daban da wanda ya ci 131 ba.

A ganina, duk wannan taƙaddama ta lamba ba ita ce babbar matsalar ba. Matsalar na tun daga bakin ƙofa: wa ake turawa gwajin tun farko? A tsohon tsari malami ne ke ba da suna, ko iyaye su nema. Malami ɗan Adam ne, idonsa ya fi saurin faɗawa kan yaro mai ladabi, mai ɗaga hannu, mai tsabtar rubutu. Iyayen da suka san hanya kuwa su ne ke rubuta takarda. Uwar da ke aikin dare, ko wadda ba ta jin Turanci, ba ta ma san akwai wata takarda ba.

Gundumar Broward da ke jihar Florida ta gwada wata hanyar a 2005. Ta sa kowane ɗan aji biyu ya zauna gajeren gwaji wanda ba ruwansa da karatun kalmomi. Ana nuna wa yaro jerin siffofi, murabba'i da da'ira da alwatika masu launi, an bar gurbi ɗaya fanko, a ce ya zaɓi wadda za ta cike shi. Wanda ya yi fice sai a tura shi cikakken gwaji. Masana tattalin arziki biyu, David Card da Laura Giuliano, sun bi diddigin sakamakon, suka tarar adadin yara baƙaƙen fata da masu asalin Latin Amurka da 'ya'yan talakawa da aka gano ya yi tashin gaske, ba tare da an sauya ma'aunin shiga ba. Yaran suna nan tun da, ba wanda ya kira sunansu ne. Da matsin kuɗi ya sa aka janye shirin bayan 'yan shekaru, adadin ya sake faɗuwa.

Akwai kuma yaran da suka haɗa biyu, baiwa da naƙasa, kamar wanda ke warware lissafin manya da ka amma haɗa baƙi ke ba shi wuya. Sau da yawa ɗaya kan lulluɓe ɗaya, a ɗauke shi matsakaici kawai. A nan dai tarayya na da ta cewa: a 2007 ofishin kare haƙƙi na ma'aikatar ilimi ya tunatar da makarantu cewa haramun ne a hana yaro shiga ajin haziƙai saboda naƙasarsa, ko a ce sai ya haƙura da tallafin naƙasar kafin ya shiga.

Ita hidimar kanta ba kala ɗaya ba ce. Wani wurin ana cire yaron daga aji na wasu sa'o'i a mako ya yi aiki mai zurfi da wani malami. Wani wurin ana tara masu baiwa huɗu ko biyar a aji ɗaya. Ana iya gwada shi tun farkon darasi, a ɗauke masa abin da ya riga ya iya. Ana iya tsallakar da shi aji, ko a darasi ɗaya kawai, ya riƙa zuwa aji huɗu lissafi ya dawo aji biyu sauran darussa. Manya kuma kan ɗauki kwasa-kwasan jami'a tun suna sakandare. Tsallaken aji shi ne mafi arha, shi ne kuma wanda malamai da iyaye suka fi ɗari-ɗari da shi, don gudun kada yaro ya rasa abokan wasa.

Abu ɗaya da kan zo wa iyaye ba zato shi ne ƙaura. Tunda kowace jiha da tata ƙa'idar, shaidar da aka bai wa yaro a Florida ba lallai ta yi aiki a wata jihar ba, wani lokacin ma ko a gundumar da ke maƙwabtaka. Mai shirin tashi gara ya karɓi kofin rahoton gwajin da tsarin karatun ya riƙe a hannu, domin sabuwar makarantar na iya cewa a sake daga farko, ko ta ce ita sam ba ta da irin wannan shirin.