Waiwaye: Tun Yaushe Rubutun Kafa Hujja Ya Fara Rauni a Ƙaramar Sakandare?

Tun da waya ta shiga hannun yara, ga kuma manhajojin da ke rubuta wa ɗalibi insha'i cikin ƙiftawar ido, ake ta muhawara a kan abin da ya sa ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ba ya iya cika shafi ɗaya da maganar da za ta gamsar da mai karatu. Iyaye da malamai da dama sun ɗora laifin a kan Facebook da WhatsApp. Waya tana da nata kason, amma ciwon ya girme ta nesa ba kusa ba.

Kafa hujja a rubuce ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A farkon ƙarni na 19 Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno sun yi musayar wasiƙu da Larabci, kowa yana kawo dalilinsa yana warware na abokin jayayyarsa. Da boko ya zo, aka buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta ba masu karatu filin wasiƙu inda suke kare ra'ayinsu da Hausa.

Shekarar da ba a cika tunawa da ita ba ita ce 1982. A shekarar ne yaran da suka shiga aji ɗaya a 1976, lokacin da aka fara ba da ilimin firamare kyauta a faɗin Najeriya, suka kammala aji shida, kuma a daidai wannan lokaci aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku-uku a matakai biyu na sakandare, huɗu a jami'a) wanda ya haifi ƙaramar sakandare. Alheri ne babba cewa 'ya'yan talakawa sun samu shiga makaranta, sai dai yawansu ya taɓa wani abu da ba a gani a takarda, wato lokacin da malami yake da shi na duba rubutun kowane yaro.

Rubutun shawo kan mai karatu ba ya koyuwa daga allo kaɗai. Sai yaro ya rubuta, malami ya bi da jan biro yana tambayarsa ina hujjarsa, kuma me zai ce wa wanda bai yarda ba, sannan yaron ya sake rubutawa. A ɗauka malami yana da ajujuwa huɗu, kowanne da ɗalibai 80: littattafai 320 ke nan, kuma ko minti biyar ya ba kowanne, sai ya shafe kusan awa 27 a kan insha'i guda. Babu wanda ya soke wannan darasi. Sannu a hankali gyaran ne ya koma sa maki a ƙasan shafi, sake rubutawa kuwa ta ɓace.

Abin da ya saura shi ne ɓawon. Yara suka haddace gaisuwar buɗe muhawara, wato mai girma shugaba, alƙalai masu adalci, mai kula da lokaci, suka kuma haddace dalilai uku a kan ko makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo, ko likita ya fi manomi amfani. Abin da ya fi damuna shi ne yawancin waɗannan batutuwa ba su taɓa rayuwar yaron ba, alhali yaron nan da kansa yana iya shawo kan mahaifiyarsa ta bar shi ya je kallon ƙwallo, da dalilai jere, har da amsar abin da ya san za ta ce.

Da yawa daga cikin malaman yau a irin wannan aji suka tashi, ba a taɓa mayar musu da rubutunsu don su gyara hujja ba. Ɗalibin da a da yake kwafe insha'i daga littafin yayansa, yau daga waya yake kwafewa, kuma littafinsa yana komawa ne cikin tulin da har yanzu mutum ɗaya ke dubawa.