Waiwaye: Daga gindin tsamiyar Garkida zuwa ginin coci a Pegi

A ƙarshen 2016 da farkon 2017, wasu ƙananan ayarin mambobin cocin Church of the Brethren, wato Cocin 'Yan'uwa, daga Amurka sun sauka Abuja, suka wuce Pegi da ke yankin Kuje, inda suka yi kwanaki suna kwaɓa siminti suna miƙa wa magina bulo. Coci ake ginawa don iyalan da Boko Haram ta koro daga yankin Chibok. Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka irin tafiyar nan ce da coci-cocin Amurka suka saba yi, a je wata ƙasa a yi mako biyu ana gini da wa'azi, a ɗauki hotuna a koma gida. Amma masu masaukinsu a Pegi 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya ne, wato EYN, kuma dangantakar gidajen biyu ta kusa shekara ɗari a lokacin.

Asalin 'Yan'uwa daga Jamus ne. A 1708 mutum takwas ƙarƙashin Alexander Mack suka yi baftisma a kogin Eder da ke ƙauyen Schwarzenau, daga baya tsangwama da talauci suka tura mabiyansu Amurka. Tun farko sun ƙi ɗaukar makami, sai suka mai da hidima ga mabuƙata hanyar bayyana bangaskiyarsu. Su ne a 1944 suka fara tura karsanai a jirgin ruwa ga iyalai matalauta, aikin da Dan West ya ƙirƙiro, kuma a 1948 suka kafa tsarin aikin sa-kai na matasansu. Ke nan fita waje a yi aikin hannu tsohuwar al'adarsu ce.

Zuwansu Najeriya kuwa ba na mako biyu ba ne. Stover Kulp da Albert Helser sun so zama a Biu, hukumar mulkin mallaka ba ta yarda ba, sai suka sauka Garkida a ƙasar Bura. Ranar 17 ga Maris 1923 suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya. Shekara ɗaya bayan haka matar Kulp, Ruth, ta rasu a can, aka sa wa asibitin garin sunanta. Daga Garkida aiki ya bazu zuwa Lassa cikin Margi, da Chibok a 1941, da makarantun Waka kusa da Biu, ga kuma wurin jinyar kutare. Mutanen wancan zamani sai sun koyi Bura ko Margi kafin su buɗe baki su yi wa'azi, wasunsu kuma a nan aka binne su. Ko zazzaɓin Lassa da duniya ta sani, a jikin wata nas ta wannan mishan, Laura Wine, aka fara gane shi a 1969, kuma shi ya yi ajalinta. A 1972 cocin ya koma hannun 'yan ƙasa, Turawa suka ragu, EYN ta ci gaba da girma har ta ninka uwar cocin ta Amurka yawan jama'a.

Yayin da masu zaman dindindin ke raguwa, wani salo na tasowa a Amurka. Tikitin jirgin sama ya yi sauƙi, ƙungiyoyi irin su Operation Mobilisation, da Youth With A Mission wadda Loren Cunningham ya kafa a 1960, suka nuna cewa matashi zai iya ba da hutunsa kawai ba rayuwarsa duka ba. Kafin a shiga ƙarni na 21 tafiyar gajeren lokaci ta zama ruwan dare, da yawa zuwa ƙasashe irin su Meziko da Haiti da Honduras. Masanin zamantakewa Robert Wuthnow ya ƙiyasta cewa Amurkawa masu zuwa coci kimanin miliyan 1.6 ke yin irin wannan tafiya kowace shekara.

Sukar da ake yi wa salon tana da ƙarfi, kuma ina ganin bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. Bayan guguwar Mitch ta 1998, Kurt Ver Beek na kwalejin Calvin ya bi diddigin gidajen da aka gina a Honduras. Ya gano ayarin baƙi kan kashe kusan dala 30,000 a tafiya don gina gidan da ƙungiyar 'yan ƙasa ke ginawa da dala 2,000. Birkila na gari ya fi baƙo iya aikin, kuma shi ke buƙatar ladan ranar. Haiti ta nuna abin da ya fi haka muni: bayan girgizar ƙasa ta 2010 an kama 'yan Baptist goma, akasarinsu daga jihar Idaho ta Amurka, suna ƙoƙarin ƙetare iyaka da yara 33 ba takardu, aka kuma tarar da yawancin yaran suna da iyaye a raye.

To me ya sa na ɗauki tafiyar Pegi daban? Sai an tuna 2014. A watan Afrilu aka sace 'yan mata 276 a makarantar Chibok, akasarinsu 'ya'yan EYN. Ranar 29 ga Oktoba mayaƙan Boko Haram suka mamaye Kwarhi, hedkwatar cocin da ke kusa da Mubi, shugabanni suka tsere suka yi zaman wucin gadi a Jos. Shugaban EYN na lokacin, Rabaran Samuel Dali, ya yi ta shaida wa duniya cewa an kashe mambobinsu sama da 8,000, dubban ɗaruruwa sun rasa muhalli, mafi yawan gine-ginen cocinsu kuma an ƙone ko an guje an bar su. Abin da 'Yan'uwan Amurka suka fara yi shi ne tara kuɗi, miliyoyin daloli, aka bi da su ta hannun EYN da ƙungiyoyin gida don abinci, iri, taki, kwanon rufi da jinyar waɗanda firgici ya taɓa. Musulmi ma sun amfana, musamman a Gurku da ke jihar Nasarawa, inda aka zaunar da 'yan gudun hijira na addinan biyu a wuri ɗaya. A 2015 ƙungiyar mawaƙan Zumuntar Matan EYN ta zaga coci-cocin Amurka tana ba da labari da bakinta. Sai bayan duk wannan aka zo maganar ɗaukar bulo, kuma EYN ce da ƙungiyar 'yan kasuwa da ma'aikatanta mai suna BEST suka tsara aikin, 'yan Najeriya suka fi yawa a wurin ginin.

Idan aka yi lissafin kuɗi zalla, tikitin baƙin nan zai sayi siminti mai yawa, wannan gaskiya ne. Sai dai mutumin da aka kashe masa ɗa aka ƙone masa gida ba kuɗi kaɗai yake jira daga danginsa ba, yana jiran su tako su yi masa jaje, tun da zumunci a ƙafa yake. A lokacin gwamnatin Amurka na gargaɗin 'yan ƙasarta kan zuwa arewa maso gabas, mutanen Chibok da Michika da Gwoza kuma na jin an manta da su.

Rikicin bai ƙare da wancan ginin ba. A Fabrairun 2020 maharan suka shiga Garkida kanta suka ƙone cocin EYN na garin. A 2023 aka yi bikin cika shekara 100, baƙi daga Amurka da Turai suka halarta, alhali 'yan cocin da yawa daga Gwoza na zaune a sansanin Minawao na Kamaru, ba su samu komawa gonakinsu ba.