Kare farfelar jirgin ruwa da sandarta daga halittun ruwa: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa farfela ke saurin cika da datti, alhali jikin jirgin yana nan tas?

Jirgi na kwana biyu a ɗaure cikin ruwan gishiri, wani yauƙi zai fara lulluɓe ƙarfen. Gansakuka ta biyo baya, sannan 'yan halittun nan masu ɓawo mai tauri da tsutsotsi masu gina bututun farar ƙasa su zo su kafe. An shafe jikin jirgi da fenti mai guba, farfela kuwa sau da yawa tsirara ake barinta. Wasu na cewa ai tagulla ce, jan ƙarfen da ke cikinta zai kore su. Da haka ne, amma dunƙulen zinkin da ake ɗaurawa a sanda don hana zaizayewa yana hana jan ƙarfen narkewa cikin ruwa, don haka babu abin da zai kore su.

Ɗan wannan dattin har ya isa damuwa?

Ya isa. Farfela na aiki ne da santsin fukafukanta. Ɓawo kaɗan a kansu, sai inji ya kasa kai juyinsa na da, ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi yana shan mai, jirgi kuma yana jan ƙafa. Idan gefe ɗaya ya fi tara datti sai jijjiga ta shigo, ita ke cinye bushin robar da sanda ke juyawa a ciki.

To me zai hana a shafa mata fentin jikin jirgin?

Ba ya zama. Farfela mai faɗin santimita 40 da ke juyi 1,000 a minti, bakin fiffikenta na keta ruwa da gudun kusan kilomita 75 a awa. Ga kumfar da ke fashewa a bayan fiffike tana dukan ƙarfe ba ƙaƙƙautawa. Fentin jikin jirgi an yi shi ne ya riƙa zaizayewa a hankali, a nan kuwa cikin ɗan lokaci zai wanke.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Yawancin fentin nan jan ƙarfe ne gubarsa. Idan ya taɓa alminiyom kai tsaye a ruwan gishiri, sai su zama tamkar batir, alminiyom ɗin ne kuma zai riƙa cinyewa. Ga ƙafar injin waje da farfelar alminiyom, fenti marar jan ƙarfe kawai ake sa wa. Tsohon fentin nan mai sinadarin guba da ake kira TBT kuma kada a kusance shi ko da an same shi: yarjejeniyar hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya (IMO) da ta haramta shi ta fara aiki tun 2008, saboda ɓarnar da ya yi wa kawa da sauran halittun teku.

Waɗanne irin shafi ake da su?

Na farko shi ne mai silikon, irin Propspeed na ƙasar New Zealand. Ba guba a cikinsa, santsi ne makaminsa: halitta ta manne sama-sama, farfela na juyawa ta yi wurgi da ita. Yakan kai shekara ɗaya zuwa biyu, kuma ga jirgin da ke fita a kai a kai shi ya fi cancanta duk da tsadarsa. Na biyu fenti mai tauri ne na musamman don farfela, mai guba, da ake ɗorawa kan fentin shimfiɗa, wato wanda ake fara shafa wa ƙarfe. Ya fi dacewa da jirgin da ke daɗewa a ɗaure. Sai feshin zinki na gwangwani, mai araha, wanda da ƙyar yake wuce kaka ɗaya. Man gashin tumaki da wasu ke gogawa, 'yan makonni ne.

Yaya ake shafa mai silikon ya kama?

Nan ne aikin yake, domin yawancin shafin da ya ɓare tun daga shiri aka kuskure. A kankare ɓawon duka, har da farin zoben da yake bari a ƙarfe. A goge da samfefa mai lamba 80 har ƙarfe ya fito fili da ɗan kaushi. Kada a yi masa ƙyalli, fenti ba ya kama abin da ya yi sumul. A wanke maiƙo da ruwan wankin da ya zo tare da kayan, da tsumma mai tsabta, a maimaita har tsumman ya daina baƙi. Daga nan hannu ba ya sake taɓa wurin sai da safa, don zufar yatsa ɗaya ta isa ta ɓata shi.

Fentin shimfiɗa kashi biyu ne da ake haɗawa, a motsa shi sosai har abin da ya kwanta a gindin gwangwani ya tashi. A shafa siriri, a jira minti 3 zuwa 5. A taɓa da yatsa cikin safa: idan ya ɗan yi danƙo bai biyo yatsa ba, a ƙara na biyu. A sake jira haka, sannan a ɗora silikon ɗin. Idan aka bari shimfiɗar ta bushe ƙarau, silikon zai saluɓe kamar leda. Shi ya sa mutum biyu suka fi, ana bi fiffike bayan fiffike. A bar shi aƙalla awa 8 kafin jirgi ya koma ruwa, fiye da haka in ana sanyi.

Ina ne ba a shafawa?

Dunƙulen zinki, da wurin da yake zama a kan sanda. Dole ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, in ba haka ba kariyarsa ta mutu, farfela ta fara yin ja-ja tana rarakewa. A naɗe wurin da tef kafin a fara. Haka sashen sandar da ke cikin bushi, da bakinta inda farfela ke shiga. Dunƙulen zinki na ruwan gishiri ne, na alminiyom na yin ruwan gishiri da wanda ya gauraya da na daɗi, na magniziyom kuwa na ruwan daɗi ne, kuma ana canza dunƙulen idan rabinsa ya cinye.

Bayan an shafa fa?

A riƙa fita da jirgin, ko a juya farfelar lokaci-lokaci. Idan za a goge ta a cikin ruwa, tsumma mai laushi ko tafin hannu ya wadatar. Buroshin waya ko abin kankara zai yage silikon, kuma daga wannan yagewar ruwa ke shiga ƙarƙashi ya ɗaga sauran.