Waiwaye: Octavia Butler, marubuciyar da ake cewa ta hango yau

A watan Satumbar 2020 littafin Parable of the Sower ya shiga jerin littattafan da aka fi saye na jaridar New York Times, shekara 27 bayan fitowarsa, shekara 14 bayan mutuwar marubuciyarsa, Octavia E. Butler. Labarin ya fara ne a 2024, a wata unguwa mai katanga kusa da Los Angeles, inda ruwa ya yi tsada, wuta ke cin gidaje, hukuma kuma ta kasa kare kowa. A littafin da ya biyo baya, Parable of the Talents na 1998, har akwai ɗan takarar shugaban ƙasa mai taken maido da girman Amurka, irin wanda Donald Trump ya yi amfani da shi daga baya. Sai masu karatu suka shiga cewa matar nan ta yi duba.

Ba duba ba ne. Ronald Reagan ya yi amfani da irin wannan take a yaƙin neman shugabancin Amurka tun a 1980, tana kallo. Abin da ta ƙware a kai shi ne lura da ɓarnar da jama'a suka kau da kai daga gare ta, ta bi sawunta ta ga inda za ta kai.

An haife ta a Pasadena ta jihar Kaliforniya ranar 22 ga Yunin 1947. Mahaifinta mai goge takalmi ne, ya rasu tana ƙarama. Mahaifiyarta aikatau take yi a gidajen Turawa, wani lokaci da ita ake tafiya. Nan ta ga yadda ake shigar da uwarta ta ƙofar baya, ana magana a kanta kamar ba ta wurin. Shekaru bayan haka, a kwalejin Pasadena, ta ji wani matashi baƙar fata yana zagin iyaye da kakanni kan sun sunkuyar da kai ga wulaƙanci. Daga nan littafinta Kindred ya samo asali. A littafin, wanda ya fito a 1979, wata mace ta zamaninmu ce ake fizgewa zuwa gonar bayi a Maryland, domin ta ɗanɗani abin da haƙurin nan ya ci wa mutane. Butler ta hau bas har Maryland don ta ga wuraren da idonta.

Fagen ƙagaggun labaran kimiyya a lokacin kusan na maza farar fata ne, kuma baƙin mutum bai cika samun gurbi a duniyar gobe da suke zanawa ba. Ita kuwa wanke-wanke take yi da aikin masana'anta, tana tashi da tsakar dare ta yi rubutu kafin ta fita. Marubuci Harlan Ellison ne ya ƙarfafa mata gwiwa ta halarci Clarion, bitar koyon rubuta irin waɗannan labarai, a 1970, amma sai a 1976 littafinta na farko, Patternmaster, ya fito. A Wild Seed na 1980 ta buɗe labarin a ƙasar Ibo, da wata mace mai suna Anyanwu.

Kyaututtukan Hugo da Nebula, manyan lambobin yabo na wannan fanni, sun zo mata daga 1984. A 1995 ta zama ta farko cikin marubutan wannan fanni da ta samu tallafin gidauniyar MacArthur. A 2021 hukumar NASA ta sa sunanta a wurin da na'urar Perseverance ta sauka a duniyar Mars.

Ta so ta ci gaba da jerin Parable da littafi na uku, inda mabiyan jarumar za su zauna a wata duniya. Ta yi ta farawa tana ajiyewa, ga hawan jini da magungunansa suna rage mata kuzari. Ta juya ta rubuta Fledgling a 2005, sannan ta mutu ranar 24 ga Fabrairun 2006 a jihar Washington tana da shekara 58. Waɗannan rubuce-rubuce da ba ta kammala ba suna ɗakin karatu na Huntington a Kaliforniya, tare da sauran takardunta.