Da gaske ne sai Bature ake ɗauka koyar da Turanci a waje?

An daɗe ana faɗa wa matasanmu na Katsina da Daura da suka gama horon malanta cewa neman aikin koyar da Turanci a ƙasashen waje wahalar banza ce, wai sai wanda aka haifa a Ingila ko Amurka. Maganar tana da tushe. Koriya ta Kudu, alal misali, galibi tana ba da bizar malamin Turanci ne ga 'yan ƙasashe 7: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostireliya, Niyuzilan da Afirka ta Kudu.

Amma wannan dokar ƙasa guda ce, ba ta duniya duka ba. A Tailan da Biyetnam da Japan ana ɗaukar malaman da Turanci ba harshensu na gado ba ne. Abin da aka fi tambaya shi ne digiri na farko, takardar TEFL (shaidar horon koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne) ta aƙalla awa 120, wani lokaci kuma sakamakon jarrabawar gwajin iya Turanci ta IELTS ko TOEIC. Mai NCE kaɗai zai sha wuya, gara ya san haka da wuri. Kuma kada a manta da maƙwabta: Maraɗi da Damagaram ma ƙasar waje ce, ana koyar da Turanci a sakandarensu.

Kafin ku biya kowa sisi, ku karanta sharuɗɗan bizar aiki a shafin intanet na ofishin jakadancin ƙasar, ku tuntuɓi makarantar kai tsaye, ku nemi kwantiragi a rubuce.

Don Allah ku tura wa sabbin malaman da kuka sani.