Babu Allurar Rigakafin Mota

Duk shekara idan Umarar azumi ta gabato, ko aka fara shirin tashin maniyyata, benci ba ya isar mutane a ɗakin rigakafinmu. Wannan ya zo karɓar allurar shawara don a ba shi katin nan mai ruwan ɗorawa, wancan ta sanƙarau yake nema saboda Saudiyya ba ta karɓar alhaji sai da ita. Ga 'yan kasuwa da suka nufi Dubai ko Sin, ga ɗalibai, ga masu raka mara lafiya Masar ko Indiya. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne: wane ruwa zan sha, wane abinci zan guje wa, wane magani zan riƙe a jaka. Shekara da shekaru ina kan wannan kujera, ban taɓa samun wanda ya ce mini, "Malam, yaya ake tsallaka titi a can?" ba.

Alhali titin ne ya kamata a fara tambaya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu ba a cikin mota suke ba: masu tafiya a ƙafa ne, da masu keke, da masu babur. Tsakanin ɗan shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya fi hatsarin hanya kisa a duniya. Matafiyi kuwa, wanda a gida yake da motarsa da direbansa, da ya sauka a ƙasar mutane ya koma mai tafiya a ƙafa, kuma a garin da bai san halin direbobinsa ba.

Ni ma sai da ta kusa ritsawa da ni kafin na gane. Na raka kawuna Indiya neman maganin ƙoda. Washegarin saukarmu, da sassafe, na fita nemo masa burodi da madara a wani shago da ke tsallaken masaukinmu. Na tsaya bakin titi, na dubi hagu kamar yadda na saba tun ina yaro, na ga babu komai, na jefa ƙafa. Ban ankara ba sai jin iska na yi a kunnen dama, wani ɗan a daidaita sahu ya ja burki har keken ya karkace, madubinsa ya shafi hannun rigata. Ya zazzaga mini faɗa da yaren da ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san na cancanta. Na koma gefe ƙafafuna suna rawa, ina tunanin yadda da za a kira gida a ce mai jinya ne aka kwantar, mara lafiyan yana zaune a kansa.

Ban yi ganganci ba a ranar, na duba hanya. Wuyana ne ya juya inda ya saba. A Najeriya da Nijar mota tana bin hannun dama, saboda haka wadda za ta fara iso ka idan kana bakin titi daga hagunka take fitowa. A Indiya hannun hagu ake bi, ta farko daga damanka za ta ɓullo. Haka abin yake a Pakistan, Malesiya, Indonesiya, Ingila, Kenya, Uganda, Afirka ta Kudu, da tsibirin Saifurus inda yaranmu da yawa ke karatu. Dattawanmu sun san wannan rikicewar da jikinsu, domin Najeriya ma hagu take bi har zuwa 2 ga Afrilun 1972, lokacin Janar Gowon, da aka yi canjin hannu, wata tara kafin canjin kuɗi. Gana ta biyo baya a 1974. A wancan karon ƙasa ce gaba ɗaya ta yi ta shiri, ana ta shela a rediyo. Kai kuwa matafiyi canjin hannunka a cikin jirgi ake yin sa kana barci, babu mai yi maka shela. A Landan sun san da haka, shi ya sa suke rubutawa a ƙasa, daidai inda za ka sa ƙafa, cewa ka dubi dama. Yawancin garuruwa ba sa yi maka wannan gatan.

Abin da nake gaya wa mutane yanzu shi ne, kada ka tsaya lissafin wane hannu ake bi a nan. Kai ba zai riƙe ba, musamman ga wanda bai yi barci ba, ga bambancin lokaci na awa huɗu da rabi tsakaninmu da Indiya, ko awa bakwai tsakaninmu da Sin. Dubi dama, dubi hagu, sake duba dama, kuma ka ci gaba da dubawa har ka kai ɗaya gefen. Ko a titi mai hannu ɗaya ne haka za ka yi, don mai babur da ya saɓa hannu ba a garinmu kaɗai yake ba. Idan za ka sauka daga tasi, ta ƙofar da ke gefen dakali za ka fita, kowane gefe take.

Sai dai kada wanda ya nufi Masar ko Saudiyya ya ce to shi ya huta tunda hannunmu ɗaya. Akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tsakanin mai ƙafa da direba, kuma kowane gari da tasa. A gida ka ɗaga tafin hannu, ka haɗa ido da direba, ya ɗan sassauta, ka wuce, wani lokaci har ya yi maka tsiya ta taga. Wannan hannun da kake ɗagawa ba shi da biza. A Alƙahira motoci ba sa tsayawa, kaucewa suke yi: direba yana auna saurinka ne ya bi ta bayanka ko ta gabanka. Saboda haka abin da ke jawo bugu a can shi ne mutum ya shiga tsakiya sannan tsoro ya kama shi, ya ruga a guje ko ya ja da baya, ya ɓata wa direban lissafi. Dabarar da baƙi suka daɗe suna yi ita ce ka sami 'yan gari da za su tsallaka, ka tsaya a gefensu ta yadda su ne ke tsakaninka da motocin, ka taka idan sun taka, ka tsaya idan sun tsaya. Ba abin kunya ba ne babban mutum ya laɓe bayan wata tsohuwa mai kwandon kasuwa. Ta fi ka sanin titin. In akwai gadar sama ko hanyar ƙarƙashin ƙasa, ko da nisa, ita ce hanyarka.

Dubai kuma akasin haka ne. Tituna ne masu faɗi da santsi, direba bai sa ran ganin mutum a inda ba a ware wa mutum ba, don haka ba ya rage gudu. Tsallakawa ta inda ba a yarda ba tara ake ci a kanta, in an yi sa'a tara kaɗai aka biya. Gudun nan shi ne komai: a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, idan saurin mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwar wanda ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi. A Gwanju ta ƙasar Sin, inda 'yan kasuwarmu ke sarin kaya, abin tsoron babura masu lantarki ne. Ba su da ƙara ko kaɗan, kuma suna hawa har kan dakalin masu tafiya. Mu da muka saba jin ɗan acaɓa tun daga nesa, a can kunne ba ya yi mana aiki.

Bari in daɗe kaɗan a kan alhazai, don su ne suka fi yawa a bencina kuma su ne suka fi tsufa. Hatsarin Makka yana tsakanin masauki da Harami ne. An kira salla, Baba yana sauri kada ya rasa jam'i, ga motocin safa-safa suna juyawa a tsakiyar jama'a, direban yana can sama ba ya ganin wanda ke dab da tayarsa. Kada a bi ta gaban bas ko ta bayanta dab da jikinta, ko da a tsaye take. In ba ka ga fuskar direba ba, shi ma bai gan ka ba. Kada a shiga ramukan nan na ƙarƙashin duwatsu da aka yi wa motoci don yanke hanya, akwai waɗanda aka ware wa masu ƙafa. A fita da wuri, minti talatin kafin kiran salla sun fi gudu a kan kwalta.

Hajiyoyi, ku yi mini haƙuri in faɗi tawa. Babban hijabi da niƙabi suna rufe gefen ido, kuma suna rage ji. Wadda ta sa su, ba satar kallo za ta yi da wutsiyar ido ba, sai ta juya kai gaba ɗaya. Baƙar abaya kuma da daddare ko da asuba direba ba ya hango ta sai ya zo kusa. Farin mayafi ko jaka mai haske a kafaɗa yana taimakawa. Sannan wayar nan. Sau nawa ake ganin mutum a tsakiyar titi yana kiran bidiyo, yana nuna wa mutanen gida dogon agogon Makka? A hau dakali tukuna, agogon ba ya zuwa ko'ina.

Tafiyar Makka zuwa Madina kimanin kilomita 450 ce, hanya miƙaƙƙiya a cikin sahara, irin wadda ke sa direba gyangyaɗi. A watan Oktoban 2019 wata bas ta yi karo da motar aikin gini kusa da Madina, mutum 35 suka rasu. A watan Maris na 2023, cikin azumi, wata bas ɗauke da masu zuwa Umara ta kife ta kama da wuta a wata hanyar, a yankin Asir na kudancin Saudiyya, mutum 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wanda yake da hali, jirgin ƙasan Haramaini da aka buɗe a 2018 yana haɗa biranen biyu cikin awa biyu da ɗoriya. Wanda zai bi mota, ya nemi tafiyar rana, ya guji motocin 'yan ta-more da ke kiran fasinja a bakin hanya da rahusa, ya ɗaura bel ko a kujerar baya yake. Bel yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Na san amsar da ake ba ni: "Malam, in kwana ya ƙare ai ko da bel ne." Gaskiya ne. Amma ni ba gawa kaɗai nake gani a wurin aiki ba, ina ganin wanda kwanansa bai ƙare ba, lakarsa ce ta tsinke, yara ke juya shi a kan gado shekara bakwai.

Direba yana gudun wuce sa'a ko yana latsa waya, ka yi magana. Kunyar baƙunta ce ke rufe mana baki, muna gani kamar rashin ladabi ne. Ko ba ka jin yarensa, ka nuna masa da hannu ya sassauta, in ya ƙi ka biya shi ka sauka. Babur kuwa in ba hular kwano, a bar shi. Tuƙi da kanka a makon farko, musamman a ƙasar da sitiyari yake dama, ban ba kowa shawararsa ba, kuma lasinmu na gida ba ko'ina yake aiki shi kaɗai ba. Mai shan maganin mura ko na ƙaiƙayi irin mai sa barci, da mai ciwon suga da bai ci abinci ba, su sani hankalinsu a bakin titi ba cikakke ba ne; su nemi abokin tafiya.

In kuma abin ya faru a gabanka, abu uku nake roƙo. Kada a ciccibi wanda aka buge a ninke shi cikin tasi kamar yadda muke yi a gida, sai in wuta ko wata motar za ta same shi a inda yake. Wuya da gadon baya da suka tsage, ɗaukar ce ke ƙarasa su. Kada a ɗura masa ruwa, don yana iya shaƙewa, kuma ƙila tiyata za a shiga da shi. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, a riƙe, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. Sai a kira motar asibiti: 997 a Saudiyya, 123 a Masar, 998 a Dubai, 120 a Sin, 112 a Indiya da Turkiyya. A rubuta lambar a takarda tare da katin masauki, da sunan cutar da mutum yake da ita da magungunan da yake sha, a sa a aljihun gaba. Waya tana fashewa, ko ta kulle da lambar sirrin da mai ita kaɗai ya sani. A kuma tambayi kamfanin da ya shirya tafiyar ko akwai inshorar lafiya a cikin kuɗin da aka biya, da abin da ta ƙunsa, tun kafin a tashi.

Wanda ya bugu a ka ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce lafiyarsa ƙalau, a sa masa ido kwana biyu. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, magana ba kan gado, ko rauni a hannu ko ƙafa ɗaya, duk alamun jini ne ke taruwa a cikin kai. Tsoho, da mai shan maganin tsinka jini, su kam a kai su asibiti ko ba alama. Kada a ce bari mu daure sai mun koma gida wajen mai ɗori.

Mun yi mako shida a Indiya kafin a sallami kawu. Da muka dawo Kano, kwana biyu da sauka, na fito zan tsallaka titin unguwarmu zuwa masallaci. Na tsaya, na dubi dama da kyau, na ɗaga ƙafa. Wani yaro mai sayar da rake ne ya riƙo mini riga ta baya, ya ce, "Baba, mota!" Daga hagu take tafe.