Waiwaye: Zhang Yimou Bai Sauya a Dare Ɗaya Ba

Tun da Zhang Yimou, daraktan finafinai ɗan ƙasar Sin, ya tsara bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijing a 2008, ya kuma maimaita a ta hunturu a 2022, gardama ba ta kwanta ba. Wasu na cewa daraktan da aka taɓa hana nuna finafinansa a gida ya miƙa wuya, wasu na cewa ƙasarsa yake yi wa hidima. Duk ɓangarorin biyu na magana kamar abin ya faɗo ne daga sama.

Farkon labarin sananne ne. An haife shi a Xi'an a 1950, ya yi aiki a masaƙa, ya shiga makarantar fim ta Beijing a 1978. Fim ɗinsa Red Sorghum ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 1988, wani fim ɗinsa To Live ya samu lambar yabo a bikin finafinai na Cannes a 1994, amma ba a bari an haska shi a Sin ba.

Shekarar da ake tsallakewa ita ce 1999. A lokacin ya gama Not One Less, labarin wata yarinya 'yar shekara 13 da aka bar wa riƙon makarantar ƙauye na wata guda, da alkawarin ƙarin yuan 10 (kuɗin Sin) muddin ɗalibi ko ɗaya bai ɓace ba. Alli ma ƙirga mata shi aka yi, ɗaya a rana. Babu tauraro a fim ɗin, mutanen da ba 'yan fim ba ne suka fito da sunayensu na gaskiya. Sai dai ƙarshensa mai daɗi ne, gidan talabijin ya taimaka aka gano wani ɗalibinta da ya tafi birni neman kuɗi, shi ya sa wasu suka kira shi farfaganda. A watan Afrilu Zhang ya janye shi daga Cannes, ya rubuta wasiƙa yana kukan cewa a ƙasashen Yamma fim ɗin Sin ma'auni biyu kawai yake da su: ko adawa da gwamnati, ko yabonta. Bayan 'yan watanni fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Venice.

A gani na, nan hanya ta rabu, domin a gida ma kasuwa ta riga ta juya. Tun 1994 aka fara shigo da manyan finafinan waje guda goma a shekara, a 1998 kuwa Titanic ya kwashe kusan yuan miliyan 360. Fim ɗin alli da ƙura ina zai kai kansa a wannan kasuwa? Mutumin ya tsinci kansa gaba kura baya sayaki: a waje ana auna shi da siyasa, a gida ana auna shi da tikiti.

Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamba 2001, adadin finafinan waje ya ninka zuwa 20. Bayan shekara guda Zhang ya fito da Hero, fim ɗin takubba da manyan taurari, inda makashi ya fasa kashe sarkin Qin, wata tsohuwar masarautar Sin, don ƙasa ta haɗu. Duk da haka a 2019 an janye fim ɗinsa One Second daga bikin Berlin ana saura kwanaki a nuna shi, aka ce matsalar fasaha ce.